Yadda Ake Kafa Na'urar Zuƙe Danshi a Bango, Daga Bakin Mai Gyaran AC a Agege

Wanda ke zaune a Kano ko Katsina ko Maraɗi, wannan bayanin bai cika shafarsa ba, sai dai in yana da sito mai yin fumfuna a watan Agusta. Can gida bushewa ce damuwarmu: hunturu ya kama, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Da 'yan'uwanmu da neman abinci ya kawo bakin teku nake magana, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a nan Legas, da na Fatakwal da Kalaba, da na Nima a Akra, da na Duwala. A garuruwan nan laima takan haura kashi 80 muddin ana damina, daminar kuwa doguwa ce. Ka tura takalmin fata ƙarƙashin gado, kafin wata ya zagayo ka jawo shi ya yi kore shar. Shaddar da aka kai bugu aka ninke da kyau ta ɗauki wari. Littattafai su yi laushi su fara ɗigo-ɗigon baƙi. Akwatunan lefe kuwa ba a magana.

Sana'ata gyaran firji da AC ce, ta nan aikin wannan na'ura ya same ni, don kayan cikinsu duk iri ɗaya ne. In ka shiga kasuwar Alaba ka ce dihumidifaya, za a gane ka. Akwai mai taya da ake ajiyewa a ƙasa, ita ta fi yawa, akwai kuma wadda ake ratayewa a bango. Ta bangon ba ta cin fili a ɗakin haya, yara ba sa kai mata hannu, sannan tun da a sama take, ruwan da ta tara yana gangarawa waje da kansa, ba sai an riƙa juye bokiti ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya sa ta cancanci a huda mata bango. In ba a shirya wa ruwan hanya ba, gara a sayi mai taya a huta.

Ka fito da ledar fiya wata daga firji ka aza a tebur, nan da nan za ka ga ta yi gumi. Ba daga cikin ledar ruwan ya fito ba, na iskar ɗakin ne ya taɓa sanyi ya taru. Aikin na'urar ke nan. Fanka ta jawo iska ta bi da ita ta kan wani naɗaɗɗen bututun ƙarfe mai sanyi da muke kira kwayil, ruwan ya ɗiga cikin tire, iskar ta ratsa wani kwayil mai zafi ta dawo ɗaki a bushe. Amma fa a ɗumame take dawowa. AC yana jefa zafinsa waje ta injin da ke bayan gida, ita kuwa duk zafinta a cikin ɗakin yake tsayawa. Shi ya sa in wani ya ce mini yana so ya sa ta a ɗakin kwana alhali yana da AC, nakan ce ya fara ɗauko rimot ya nemi alamar ɗigon ruwa ya danna. Wannan saitin na busar da iska ne, kuma mutane da yawa suna da shi ba su taɓa gwadawa ba. Inda na'urar ta fi amfani shi ne sito, da ɗakin kaya, da shagon takalma ko yadi ko littattafai, da ɗakin da ake kullewa a yi tafiya, da ɗakunan ƙasa da rana ba ta leƙawa.

Kafin ka kashe ko kwabo

Danshi iri biyu ne, na iska da na bango, kuma na'urar nan na iska kaɗai take magani. Nan ne mutane suka fi yin asara. Wani Alhaji mai sayar da takalma ya taɓa kirana in kafa masa a sitonsa, har ya riga ya saya. Ina shiga na ga fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa wajen ƙugu, filasta tana zuba, ga farin gishiri ya feso a jikin bangon. Na ce, "Alhaji, wannan ruwa ne yake hawowa daga ƙasa. Ko guda uku muka kafa, mita kawai za su cinye." Ya ce ai yaron shagon ya tabbatar masa za ta yi. Na ce yaron shago bai ga bangon ba.

Gwajin ba shi da tsada. Yanki farar leda kamar faɗin tafin hannu biyu, ka manna ta a wurin da ya fi jiƙa, ka bi gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka bar ta kwana ɗaya zuwa biyu. In ka dawo ka tarar da raɓa a bayan ledar, wato ɓangaren da ke kallon ɗaki, to iskar ɗakin ce ta yi nauyi, na'ura za ta taimaka. In kuwa ruwan a ƙarƙashin ledar yake, tsakaninta da bango, to daga cikin ginin yake fitowa. Ko dai ba a shimfiɗa ledar hana danshi ba kafin a zuba kankaren daɓe, ko fayif ya fashe a cikin bango, ko rufi yana yoyo, ko kwatar maƙwabci ta jingina da katangarka. Wannan aikin magini ne da mai gyaran famfo. A yi shi tukuna, bangon ya sha iska, sannan a sake gwadawa. Wani lokaci ka samu ruwa ciki da waje, to nan ma gyaran bango ne a gaba.

Sai ka sayi ɗan ma'aunin laima, irin mai batir da ke nuna zafi da laima a fuska ɗaya. Masu arha sukan yi ƙarya, don haka ka gwada shi: zuba gishirin girki a murfin kwalba, ɗiga masa ruwa kaɗan ya jiƙe amma kada ya narke, saka shi tare da ma'aunin cikin roba mai murfi ka rufe gam ya kwana. Da safe ya kamata ya nuna kashi 75. In ya nuna 70, ka san kullum za ka riƙa ƙara masa biyar. Daga nan ka ajiye shi a ɗakin na 'yan kwanaki kana dubawa safe da yamma. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar a riƙe laimar cikin gida ƙasa da kashi 60, in so samu ne tsakanin 30 da 50. Ɗakin da ke zama a 75 ko 85 dare da rana, fumfuna ta sami gida.

A wajen saye

Iri uku za a nuna maka. Mai kwamfireso, wato injin sanyi irin na bayan firji, ita ce tamu, don ta fi ƙarfi a wuri mai zafi da laima. Akwai wadda ke tsotse danshi da wani faifai mai sinadari, an yi ta ne don ƙasashen sanyi, ta fi shan wuta kuma ta fi ɗumama ɗaki, ba ruwanmu da ita. Sai 'yan ƙanana marasa kwamfireso da ake tallatawa a intanet da hotuna masu kyau, wanda in ka karanta ƙananan rubutun za ka ga ko lita ɗaya ba sa tarawa a yini. A ɗakin Legas cikin watan Yuni wannan wasan yara ne.

Lambar da ke jikin kwali, lita 12 ko lita 20 a rana, galibi an auna ta ne a zafin digiri 30 da laima kashi 80. Da zarar ɗakin ya fara bushewa ya sauko wajen 60, abin da za ta tara sai ya koma kusan rabi, kuma ba lalacewa ta yi ba. Ga ɗaki irin na haya, ƙafa 12 da 12, mai lita 10 zuwa 12 ta wadatar. Falo ko sito mai kaya jibge, ni daga lita 20 nake farawa. Gara ta ɗan yi girma ta riƙa hutawa da ta yi ƙaranci ta kwana tana gurnani.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne wannan: sai mai tashi da kanta in an dawo da wuta, ta ci gaba a saitin da aka bar ta. A ƙasar da za a ɗauke wuta sau da yawa a yini, na'urar da sai an danna mata maɓalli ba ta da amfani a sito, balle ga wadda ke rataye can sama. Ka sa mai shago ya kunna, ka zare filogi ka mayar a gabansa, ka jira ka gani. Sannan ka duba tana da bakin sa tiyo, kuma ƙarfen ratayewa da muke kira hanga yana cikin kwalin. Kada ka sayi mai taya ka ce za ka ƙera mata hanga a wajen mai walda, jikinta roba ne, ba a yi shi don ɗaukar nauyin kansa a rataye ba. In ita ka samu, a yi mata kanta mai ƙarfi ta zauna a kai.

Game da tokumbo, wato gwanjon da aka shigo da shi daga waje, a yi hattara da 'yan Amurka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu a Nijeriya da Gana 230, kana jonawa ka ƙona ta. Ana gane su da filogi mai siraran ƙafafu, kuma ƙarfinsu ba da lita ake rubutawa ba, da wani ma'auni ne da suke kira faint wanda bai cika rabin lita ba. Ban da haka, a 2013 an janye sama da miliyan 2 na waɗannan na'urori daga kasuwar Amurka saboda suna kama wuta, a 2016 aka sake janye miliyan 3.4. Abin da za ka bari a kunne cikin kayan sana'arka ka kulle ka tafi gida, bai kamata ya zama wanda ba ka san daga inda ya fito ba.

In an kawo ta a kwance cikin mota ko a bayan babur, ka tsayar da ita ta kwana kafin ka kunna, man kwamfireso ya koma mazauninsa.

Zaɓen wuri

In gidan haya ne, ka fara da mai gida ko kiyateka. Huda ce za ta ratsa bango har waje, kuma rigimar da ke biyo bayan rashin tambaya ta fi aikin kansa wuya.

Ni daga waje nake fara duba wuri, ba daga ciki ba. Ina ruwan zai sauka? Akwai kwata ko magudana a bayan wannan bangon? In na sami amsa, sai in dawo ciki in ga ko bangon ya dace. Wanda bayansa waje ne ya fi, tiyon ya zama gajere. Iska kuma tana son fili: kada labule ya rufe ta, kada a cusa ta a lungu tsakanin wadirob da bango, kada a manna ta da silin. Kowace na'ura da tazarar da littafinta ya faɗa, shi za ka bi, amma ko babu littafi ni ba na barin ƙasa da kamu ɗaya da rabi a sama da gefuna, gabanta kuma a sake. Tsayinta ya wuce kan yara amma hannunka ya iya kaiwa ga filta ba tare da tsani ba, don filtar da sai an ari tsani ba a wanke ta.

Kwamfireso yana girgiza, bango kuma yana kai ƙara nesa. Kada ka rataye ta a bangon da kan gado ya jingina da shi, naka ko na maƙwabcinka. Ka nisanta ta da kicin, maiƙon girki yana toshe kwayil, sannan da yawa daga cikin sababbi gas ɗinsu R290 ne, mai kama wuta, za ka ga alamar harshen wuta a jikin lambar. A banɗaki kuwa ba na sa wa kowa, sai in an ƙera ta don wurin ruwa kuma nesa da shawa. Bangon ƙasa, ko na filawud, ko na allon da ake raba ofis da shi, duk ba su ɗaukar wannan nauyi haka kawai, tunda mai matsakaicin girma takan kai kilo 10 zuwa 20.

Hudawa da ratayewa

Kayan aikin su ne diril da bakin huda kankare mai lamba 8 ko 10, da wani dogo mai kauri na ratsa bango, fisha (robar da ake cusawa a rami don sukuro ya kama) da sukurorinsu, lebur ɗin magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, tef na awo, fensir, guduma, sukurdireba, guntun fayif na roba, silikon, da 'yan robobin da ake sa wa a bayan hanga don rage girgiza. Sai mutum na biyu. Ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Dubi soket da makunnin fitila na wannan bangon. Wayoyin da aka binne yawanci miƙewa suke yi sama ko ƙasa ko gefe daga inda soket yake, don haka kada ka huda a kan layinsu. In bayan bangon banɗaki ne, ka tuna da fayif. Ka kashe wutar wannan ɗakin daga allon birka, ka jawo wa diril wuta daga wani ɗaki.

Aza hanga a bango, ɗora lebur a kai har ɗigon ya tsaya a tsakiya, sannan ka yi alamar ramuka da fensir. Kada ka auna da silin ko da tayil, sau da yawa su ma a karkace suke. Wannan daidaitawar ba don kyau ba ce. Tiren da ke ciki an yi shi ne ya tura ruwa zuwa bakin tiyo, in na'urar ta kwanta ɗaya gefen, ruwan zai taru can ya malalo ta jikin bango. Naɗa salatif a bakin diril daidai tsawon fisha don kada ka wuce, ka manna leda ko ambulan a ƙasan alamar ta tare ƙura, matar gida za ta gode maka.

Yanzu ka kula da abin da hannunka yake ji. Yawancin gine-ginenmu bulo ne mai rami, inci shida ko inci tara, kuma naman da ke gaban ramin ba shi da kauri. Fara hudawa a hankali ba tare da bugun guduma na diril ba har ka wuce filasta. In ƙurar da ke fitowa toka-toka ce mai laushi kuma diril yana cin wuya, ka sami wuri mai kyau, fisha ta yau da kullum za ta riƙe. In kuwa ka ji bakin ya zurma gaba ɗaya, ka faɗa ramin bulo. In yashi ne ja-ja yake zubowa da kansa, an yi wa bulon rowar siminti. A waɗannan biyun kada ka sa irin noti mai buɗewa da ƙarfi a cikin bango, fasa bulon zai yi. Ka nemi doguwar fisha mai dunƙulewa a bayan rami in an ɗaure ta. In bulon ya yi muni sosai, dabarar da na fi yarda da ita ita ce a kafa katako mai ƙwari a bangon da sukurori shida a warwatse, sannan a ɗaura hanga a kan katakon, nauyin ya rarrabu. Wata hanyar kuma a ratsa bangon da dogon noti a sa faranti na ƙarfe ta waje. Abin da wasu ke yi na cusa tsinken ashana ko guntun itace a rami su buga ƙusa, wannan ya tsaya ga agogon bango. Na'ura mai girgiza za ta sassauta shi a hankali, ranar da za ta faɗo kuma ba ta sallama.

Hure ƙurar ramin, buga fisha ta shige daidai da bango, sa robobin, ɗaure sukurori ba duka lokaci ɗaya ba, kana yi kana duba lebur. In ka gama, kama hangar da hannu biyu ka ja ƙasa da ƙarfi. Ko motsi kaɗan ta yi, kwance ka sake. Amma kada ka rataye na'urar tukuna, ramin ruwa ya rage.

Hanyar ruwa

Nan aikin yake. Ramin tiyo dole ya kasance ƙasa da bakin da ruwa ke fitowa a jikin na'urar, kuma ya sunkuya zuwa waje. Ka ɗaga bayan diril kaɗan kana hudawa daga ciki, in ka ji ka kusa fita ka sassauta hannu don kada filastar waje ta ɓalle. Zura guntun fayif a ramin ya zama riga, tiyon ya bi ta cikinsa, don kaifin bulo yana cin roba. Sunkuyawar nan tana kuma hana ruwan sama bin tiyon ya shigo ɗaki.

Ruwan ba shi da mai tura shi, nauyinsa ne kawai. Saboda haka duk tsawon tiyon ya riƙa gangara, aƙalla santimita 1 a kowace mita, ni nakan ba shi 2 don hankalina ya kwanta. Kada ya yi ciki a tsakiya, kada ya lanƙwashe, kada a naɗe ragowarsa a ce ko za a buƙata nan gaba. Yanke shi daidai, ka kama shi da kilif a bango. In tafiyar ta yi tsawo, fayif mai tauri ya fi tiyo, shi ba ya saki.

Bakinsa na waje ya sauka cikin kwata ko magudana, ba a gindin bango ba. Na sha ganin inda aka bar shi yana ɗiga a jikin ginin, ruwan da aka fitar ta sama yana komawa ɗakin ta ƙasa, bangon ya yi gansakuka. Kada kuma bakin ya nutse cikin ruwa, iska za ta toshe shi ruwan ya koma baya. Kada a jona shi kai tsaye da fayif ɗin masai ko sokawe, wari zai biyo tiyon, fankar kuma ta raba wa ɗaki. In bokiti za ka tara a waje, a riƙa juyewa, in ba haka ba ka buɗe wa sauro wurin haihuwa. Sannan ka ɗaure bakin da guntun ragar sauro. Zanzaro yana son irin wannan ramin, ya ɗebo laka ya gina ɗakinsa a ciki, kai kuma ka wayi gari da ruwa a kan kafet kana zagin kamfani. Kyankyaso ma ta nan yake shigowa. A ƙarshe ka cike gefen ramin da silikon ciki da waje.

In ɗakin a ƙasa yake sosai, ko babu bangon da ke kallon waje, akwai ɗan famfon lantarki da ake sa wa AC mai tura ruwa sama. Yana aiki, sai dai ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa.

Yanzu ku ɗaga ku biyu ku zaunar da na'urar a kan hanga har ta shige maƙalinta, a ɗaure sukurun da ke hana ta zamewa in tana da shi, a sa tiyo a matse bakin. In hannu yana kaiwa ga tiren, zuba kofi ɗaya na ruwa a hankali, ka tura yaro waje ya gaya maka ko ya fito.

Ruwan da take tarawa garau yake a ido, amma ƙurar ɗaki da dattin kwayil duk suna ciki. Ba na sha ba ne, ba na girki ba. Wasu suna ɗura shi a batirin inbata wai ai tataccen ruwa ne, ni ban ba da wannan shawarar ba. A goge daɓe da shi ko a kora banɗaki.

Wuta

Ta sami soket nata na bango mai ƙafa uku, mai wayar atin (wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa) da ke aiki da gaske, ba wanda aka bar ƙafar ta uku ado ba. Ban yarda da jona ta a doguwar waya mai baki da yawa tare da firji da dutsen guga ba. In babu soket kusa, mai aikin wuta ya jawo sabo, kuma ya kasance a gefe ko sama da na'urar, ba a ƙarƙashinta inda ruwa zai iya ɗiga ba. In allon gidan yana da birka mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai lamba 30mA, madalla, in babu ka tambayi kuɗin sa shi.

Sai sitabilaiza mai jinkiri, ko irin abin kariyar da ake sa wa firji. Kwamfireso yana son hutun kamar minti uku tsakanin kashewa da kunnawa, wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita nan take ita ke kashe shi. Mai lita 12 zuwa 20 takan ja wat 200 zuwa 400, amma a lokacin tashi tana fizgar ninkin haka, shi ya sa ƙaramin janareta yake shaƙewa in ta tashi ana kallon talabijin. Lissafin mita kuwa mai sauƙi ne: wat 300 na awa 8 yunit 2.4 ke nan a rana, 72 a wata, sai ka ninka da farashin layinku.

Kwanakin farko

Na'urar ba ta kashe fumfunar da ta riga ta kama, hana sabuwa fitowa take yi. A fitar da kaya a goge, a wanke bango da ruwan bilic tagogi a buɗe, a rufe hanci, kuma kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki.

Daga nan a rufe ƙofa da taga. Ga dalili. Iska mai zafin digiri 30 iyakar ruwan da take ɗauka wajen giram 30 ne a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Ɗaki mai mita 4 da 4 da tsayin mita 3, in laimarsa 85 ce, duk ruwan da ke cikin iskarsa lita ɗaya ne da 'yan kai. Don ka sauko da shi 55, ko rabin lita ba ka cire ba. To ina sauran litocin da take tarawa suke fitowa? Daga katifa da kafet da tufafi da filasta, waɗanda suka daɗe suna sha, da kuma sabuwar iskar da ke shigowa. Na farkon suna ƙarewa. Ta biyun ba ta ƙarewa, in taga a buɗe take, iskar Legas gaba ɗaya ka ɗauki kwangilar busarwa. Tagar luba da ba ta rufuwa sosai a gyara ta, ƙasan ƙofa a sa masa roba. Ɗakin da aka toshe haka kuwa ba a shigar da kaskon gawayi ko risho a rufe, janareta ma ko kusa da tagar kada ya zo.

Saita ta a 55. Wanda ya sa 40 a bakin teku, na'urarsa ba za ta taɓa hutawa ba, kuma kayansa ba su buƙatar haka. Buɗe ƙofofin wadirob da akwatuna, janye katifa da buhuna daga jikin bango, ɗora kayan sito a kan katako. Kwana biyu ko uku na farko za ta yi ta aiki ba tsayawa, lambar ma ta ƙi sauka, kada ka tsorata. Bayan nan za ka ji tana tashi tana kwanciya. Ma'auninka ka ajiye shi can ɗaya kusurwar ɗakin, shi ya fi faɗin gaskiya a kan wanda ke jikin na'urar.

Hajiya, in za a sa turaren wuta, a kashe ta tukuna sai hayaƙin ya lafa. Hayaƙin turare yana da danƙo, yana liƙewa a filta da kwayil, ƙura ta zo ta hau kai. Na buɗe wata da kwayil ɗinta ya koma ruwan ƙasa, tana ƙamshi kamar me, amma iska ba ta ratsawa. Shanya a ɗaki kuma ba laifi in ruwa ya hana ta waje, har ma kayan sun fi saurin bushewa kusa da ita, sai dai a sani wanki ɗaya yana sakin kusan lita biyu, ranar za ta yi aiki fiye da kullum.

Filta a zare ta duk sati biyu a wanke da ruwa, ta bushe a inuwa kafin a mayar. Duk wata a leƙa bakin tiyo ta waje, a kuma taɓa sukurorin hanga bayan watan farko. In ka ga ruwa yana bin bango, tiyo za ka fara zargi, sai lebur. In tana ƙara amma babu ruwa alhali ma'auni yana nuna 80, ko ka ga ƙanƙara a kwayil cikin zafin nan namu, to ko filta ta toshe ko gas ya zube. Na farkon naka ne, na biyun ka kira mai gyara, kada ka sa wuƙa ka ce za ka kankare.

Wajen Disamba zuwa Janairu, in iskar hunturu ta iso har Legas ma'auni ya faɗi ƙasa da 50 da kansa, zare filogi, bar fankar ta ɗan busar da cikinta in tana da wannan saitin, wanke filta, ka lulluɓe ta da zane saboda ƙura har ruwan Maris ko Afrilu ya fara sauka.